Tef Ɗin da Ya Tafi Gidajen Amare

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan ofis a benen Tianxiu ina haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya zuwa gida, wani abokina ya zo Guangzhou daga Kano sayen kayan sola. Mai gyaran lantarki ne tun muna samari, kuma yana da wata lalura da matarsa ta daɗe da haƙura da ita: ba ya iya ganin tsohuwar na'ura ya wuce. Ɗaki guda a gidansa cike yake da rediyoyi da tafireta da kwamfutocin da ko 'yan gwangwan sun raina. Ni kuwa duk abin da ba zai shiga kasuwa ba, ba ya gabana. Yadda aka yi muka daɗe muna abota, Allah kaɗai ya sani.

Da ya gama sayayyarsa sai ya ja ni kasuwar tsofaffin kayan lantarki, wai mu ɗan leƙa. A can ne wani mai sayen ƙarafa ya yi mana ƙorafin wani tsoho a unguwar Liwan da ke da kwamfuta mai girman wadirob a ɗakinsa. Ya yi zarya har ya gaji, tsohon ya ƙi sayarwa, domin ya san farfasa ta za a yi a cire tagulla da ɗan zinaren da ke jikin allunanta. Mutumin yana faɗa mana ne don mu taya shi jin haushi. Da na waiga na ga idon abokina, na san yinin nan nawa ya tafi.

Gidan yana cikin wani lungu da ko keke sai an yi dabara. Muka hau wani matsattsen bene na katako, muka tarar da tsohon da 'yarsa suna ɗaure kaya a kwalaye. 'Yar za ta mayar da shi gidanta ne, wani dogon bene na zamani, kuma babu wurin da za a ajiye wadirob ɗin ƙarfe a can. Tsohon ya yaye zanin gadon da ya lulluɓe na'urar da shi. Irin kwamfutocin nan ce na da, na zamanin da masana'antu da jami'o'i kaɗai ke da su. Ba allo, ba linzami. A gabanta akwai jerin makunnai, a samansu jerin ƙananan fitilu. Tsohon injiniya ne, ya yi ƙuruciyarsa yana kula da ita a wata masana'anta, da aka rufe masana'antar ya tura ta gida a baro. Ta daɗe ba ta tashi ba.

Sinancina na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, rage, babu. Da shi da ɗan Turancin 'yar da manhajar fassara ta waya muka lallaɓa. Abokina bai tambayi kuɗi ba. Ya durƙusa ya leƙa bayanta, ya sunsuna, bai taɓa komai ba, sannan ya ce in tambayi Baba ina littattafanta. Tsohon ya ƙura masa ido. Daga baya 'yar ta gaya mini duk waɗanda suka zo, nauyinta suke fara tambaya.

Kafin mu sauko tsohon ya ba abokina na'urar kyauta, bisa sharaɗi: kada a farfasa ta, a tayar da ita, kuma a nuna masa tana aiki. Abokina ya dafa ƙirji ya ce, "In sha Allahu, Baba." Ni ne mai fassara, kuma da yake ban san yadda ake faɗin in sha Allahu da Sinanci ba, sai kawai na ce masa, "Zai yi." A bakin ƙofa 'yar ta riƙe ni ta ce in gaya wa abokina ya ɗan hanzarta. Mahaifinta ya fara mantuwa. Yakan bar tukunya a wuta, kuma ya taɓa ɓata a hanyar kasuwar da ya yi shekaru yana bi.

Abokina ya koma Kano ya bar ni da aiki. Littattafan na'urar jeri ne, amma damshin Guangzhou ya cinye guda, ya mayar da shi dunƙule, kuma shi ne mai zanen wayoyin ciki. Ni da ban taɓa shiga shagon littattafai don raɗin kaina ba, na koma yawo a rumfunan tsofaffin takardu ina nuna hoton bango a waya. Ko'ina amsa ɗaya ce, "Meyo," wato babu. Wani ya aika ni wurin surukinsa, surukin ya aika ni wurin mai sayar da tsofaffin kalandu, shi kuma ya nemi ya sayar mini da littafin gyaran keken ɗinki. 'Yan uwanmu a unguwar Xiaobei suka sa ni gaba da tsiya, duk inda na zauna cin abinci sai a ce ga Farfesa ya iso. A ƙarshe 'yar tsohon ce ta samo littafin a intanet wurin wani mai gwanjon littattafai a wani gari can arewa. Na haɗa littattafan duka na ba wani fasinja ya kai Kano a jirgin sama.

Saura tef. Na'urar ba ta san komai da kanta ba. Duk abin da za ta yi sai an karanta mata daga wani dogon tef na takarda, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, an huhhuda shi layi-layi, kowane layi umarni ne. Tsohon yana da naɗi-naɗi na irinsa, ya adana su a gwangwanayen biskit. Yawancinsu ruwan ƙasa ne, guda ɗaya ne kore. Ya ce koren shi ne uwa, sai an fara ba ta shi sannan take gane sauran, kuma bai san wani mai irinsa ba a yanzu. Na so in aika su ta sama su ma, ya ƙi. Ya ce na'urar da aka raba ta da tef ɗinta, duk wanda ya tsince ta ƙarfe zai gani. Tare za su tafi.

Na kai komai siton da muke lodi. Mai siton wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, dattijon kirki, wanda ya fi kowa iya cika kwantena a garin. Na nuna masa na'urar na ce amana ce, a kula da ita. Ya ce in bar masa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, a kwantenar haɗaka wuri ake saya. Saboda haka iska ce babbar abokiyar gabarmu. Duk abu mai rami sai an cusa masa wani abu: takalma a cikin bokiti, cokula a cikin fulas, safa a cikin takalma. Kwalin kamfani a yar, littafin bayanin kaya a yar, tun da da Sinanci yake kuma ba mai karanta shi a gida. Takarda kuwa amfaninta ɗaya, a yamutsa ta a kare kaya masu saurin fashewa da ita. Da wannan ake gane gwani, kuma da ni nake lodin ranar ban ce zan yi daban ba.

Kwantena ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Tsohon ya koma gidan 'yarsa, ni kuma na koma harkokina. Lokaci-lokaci 'yar takan turo saƙo cewa Baba yana tambaya ko ta isa.

Bayan watanni abokina ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Na'ura ta isa lafiya, ko ƙwarzane babu, an naɗe ta da barguna. Da ya buɗe ƙofar bayanta ya tarar an cika cikinta da safar yara. Wannan bai dame shi ba, ya san hali. Amma da ya buɗe gwangwanin biskit na farko sai ya ga ƙananan cokulan shayi. Na biyu ma cokula. Duk gwangwanayen cokula ne.

Na tafi sito. Alhaji ya tarbe ni da fara'a ya ce, "Ƙanena, mi ya faru? Injin bai isa lafiya ba?" Na ce ya isa, takardun cikin gwangwanaye nake nema. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce, "Wagga takarda mai huji-huji? Bon, ai mun ɗauka ciko ce. Soson kare kaya ya ƙare muna ranar, ga kofunan gilas na Hajiya. Wallahi takardar ta yi kyau, ga laushi, ga tsawo. Ko kofi guda bai fashe ba." Da na yi masa bayani ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban iya yi masa faɗa ba. Babu wanda ya yi mugunta a cikin lamarin, aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Hajiyar mai kayan kicin ɗin amare ce a Kano, kuma kayan sun sauka ne daidai lokacin bukukuwa. Kafin abokina ya same ta yawancin kwalayen sun fita. Ta bar shi ya zazzage waɗanda suka rage a shago, tana kallonsa tana salati, sannan ta lissafo masa gidajen da ta tuna. Matsalar ita ce namiji ba ya shiga ɗakin amarya neman shara. Dole matarsa ta ɗauki aikin, matar da ta yi shekaru tana addu'ar Allah ya raba mijinta da tarkace. Takan shiga ta yi Allah ya sanya alheri, a kawo ruwa, a taɓa hira, sannan ta sunkuyar da kai ta tambaya ko an zubar da takardun da suka zo cikin kwalin kofuna. Wasu sun zubar. Da yawa ba su ma buɗe kwalin ba, yana saman kabad ana jiran baƙin kunya. Haka ta riƙa dawowa gida da leda cike da yamutsattsen tef.

A wani gida ne aka samu cikas. Uwar mijin ta ji an zo neman wata takarda mai huji-huji da aka cusa a kayan amaryar ɗanta, ta ce a miƙo mata ta gani. Ta ɗaga ta a rana, ta ga ramuka a jere kamar an ƙirga su. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san abin da ake binnewa a kayan aure, kuma ba a gidanta ba. A gaban matar abokina ta ƙyasta ashana. Koriya ce takardar.

Na so mu rufe maganar. Na ce wa abokina mu ce ana kan gyara, tun da dai mutumin mantuwa yake yi. Ya ce a'a, shi ya dafa ƙirji, in je in faɗa masa gaskiya. Na tafi ina jan ƙafa. Tsohon ya saurara har na gama, 'yarsa tana cike inda Sinancina ya gaza. Ya tambaya wane irin kofuna ne. Na ce na shan lemo, na amare. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce a masana'antarsu, ƙananan ɓarɓashin da ke zubowa in ana huda tef, tara su suke yi a buhu, ranar auren wani ma'aikaci a watsa wa ango da amarya a ka. Ya ce ashe abin bai daina zuwa biki ba. Da dariyar ta lafa ya ce a ɗauko masa hoton duk guntun da aka samu.

Haka muka shiga wani sabon aiki. Abokina yakan goge kowane guntun koren tef da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ya shimfiɗa shi a kan baƙin yadi, ya ɗauki hoto. Ni in buga hotunan a takarda in kai gidan 'yar a ƙarshen mako. Tsohon yakan baje su a teburin cin abinci, ya sa tabarau, yana bin ramukan da yatsa yana motsa baki. Karanta su yake yi kamar yadda muke karanta jarida. Ya ce wannan yana bin wancan, wannan an kifa shi, a juya. Ni dai aikina shan shayi da sa lamba a bayan hoto.

Da aka jera komai sai giɓin ya fito fili, wajen tsawon hannu. Tsohon ya ce zai iya cike shi, domin ya san abin da ya kamata wurin ya yi, ga kuma littattafan da 'yarsa ta ɗauki hotonsu kafin in aika. Amma a lokacin ne abin ya fara yi masa nauyi. Wani makon ya yi layuka da yawa. Wani makon in tarar ya soke na baya duka ya sake. Akwai ranar da ya tambaye ni sau da yawa ko na ci abinci, akwai ranar da ya tambaye ni ko jirgin ya tashi daga Nansha. Na fara zuwa a tsakiyar mako ma, ina barin kwastomomi suna jira, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ban san ko tausayi ne ko kuwa kalmar nan ce ta "Zai yi" da na faɗa da bakina ba.

Ya dai gama. Ya zana ramukan a takarda da fensir, ɗigo-ɗigo, na tura Kano. Abokina ba shi da injin huda tef. Wurin wani baduku ya je ya sayi abin huda fata, ya sa maƙeri ya yi masa ɗan ma'auni na ƙarfe don ramukan su daidaita, ya zauna yana huda su ɗaya bayan ɗaya yana liƙe guntaye. A gefe guda kuma yana fama da na'urar kanta, wadda ta ƙi tashi, ta tashi ta yi hayaƙi, ya canja abin da ya ƙone, ta sake ƙi. Sau da yawa tef ɗin yakan tsinke a inda aka liƙe. Duk wannan ya ci watanni, kuma ba laifin kowa ba ne.

Wata rana da la'asar bidiyo ya shigo wayata. Tef yana shiga na'ura da ƙara kamar keken ɗinki, guntu kore, guntu fari, har ya ƙare. Sai fitilun suka fara gudu a jere. A bayan bidiyon ana jin abokina yana kabbara, matarsa tana cewa to Alhamdu lillahi, yanzu sai a huta.

Washegari da safe na tafi. 'Yar ta buɗe ƙofa ta ce yau jikin ba daɗi. Na daɗe ban je ba, tun da aikina ya ƙare, kuma na ga canji. Ya rame. Ya dube ni da ladabi irin na baƙo, ya tambayi 'yarsa ko ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. Ta gaya masa ko ni wane ne, ya gyaɗa kai don kada ya ba ni kunya. Ta kawo mini shayi. Na jingina wayar a jikin kwalbar ruwa a gabansa, na ajiye kofina a gefe, na kunna.

Da ƙarar tef ɗin ta fara sai ya ɗago. Ya matso da kujera. Fitilu suka fara gudu, yatsunsa suka fara motsi a bakin tebur, sama, ƙasa, sama. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauke kofin shayina daga kusa da wayar, ya kai shi can ƙarshen tebur, ya juyo ya balbale ni da faɗa. Ban gane ko kalma ɗaya ba. 'Yar ta rufe baki da hannu, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce cewa yake ba a kawo shayi kusa da na'ura, wa ya ɗauke ni aiki, wa ya koya mini. Ta ce dokarsa ce a masana'anta, har manaja ya taɓa kora a kanta. Na ba shi haƙuri. Ya sa na maimaita bidiyon har batirina ya kusa ƙarewa, sannan ya ce aiki ya yi kyau, a kashe ta a rufe, kada ƙura ta shiga.

Bai daɗe sosai bayan nan ba ya rasu. Na'urar tana nan a Kano, littattafan an ɗauki hotonsu shafi-shafi, tef ɗin an yi masa kwafi an rarraba wa masu irin wannan lalurar a ƙasashe daban-daban. Ni har yau ban zama mai son tsofaffin na'urori ba, kada ku fara turo mini hotunan rediyon kakanninku. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙarfen ya fi komai sauƙin adanawa, domin kowa ya ji nauyinsa zai girmama shi, har ya naɗe shi da bargo. Takardar da ke sa shi aiki da mutumin da ya iya karanta ta su ne ke salwanta ba tare da kowa ya lura ba. In na tuna nakan ji baƙin ciki, ba mai yawa ba, amma bai taɓa tafiya gaba ɗaya ba.

Ranar da na fito daga gidan, ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, abokina ya kira. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Yaya? Ya gani? Ya gane ta?"

Na ce, "Ya gane ta sarai. Mu ne bai gane ba."